Muryar Motar Walid

Mafoni, Maiduguri
Farkon watan Sha'aban

Zuwa ga ƙanena Abdulhafiz,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka na gareji a can Anacha. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya sauko tun kafin lokacinsa. Hajja tana gaishe ka. Gwiwar ce dai har yanzu, in ta zauna sai an kama ta take miƙewa. 'Yata Khairat ta warke daga tarin nan, ta koma makaranta.

Injin da ka aiko ya iso lafiya. Muhammad Auwal, direban da ke kai muku banda, ya sauke mana shi a Kasuwar Kifi kafin ya yi sabon lodi. Maigidana, Baban Khairat, ya kai akori-kurar Yaya Walid garejin Mahmud, an cire tsohon an ɗora naka. Bakin Baban Khairat ya ƙi rufuwa, wai injin Beljiyam mai turbo, wai yanzu ɗauko banda daga Monguno ya zama wasa. Allah ya saka maka da alheri. Na san ba a banza ka rame ba kafin ka haɗa shi.

Sai dai akwai maganar da ba ta waya ba ce, shi ya sa ka ga takarda a hannun Muhammad Auwal tana ƙaurin kifi. Ka san Hajja. Ido ya yi rauni amma kunne yana nan daram, kuma da kiranka ya shigo za ta matso ta miƙo hannu.

Ƙaton bututun salansar da ka haɗo da injin, mai inci uku, na hana a saka. Yana can jingine a garejin. Na ce wa Mahmud ya mayar da tsohuwar salansar Yaya Walid, mai inci biyu, da tukunyarta mai facin nan. Ya yi gunaguni har ya gaji, amma ya yi mata mahaɗa ya ɗaura. Da aka tayar, muryar ta ɗan ƙara kauri, amma ita ce dai: tarin nan biyu in an ɗaga ƙafa daga totur, sannan siririn fito.

Dalilina Hajja ce. Shekara shida ke nan da Yaya Walid ya ɓace a hanyar Monguno, aka dawo mana da motarsa babu shi. Har yau, duk yammar da motar ta karyo kwanar layinmu ta yi tarin nan, Hajja sai ta tashi. Ba na so a taɓa mata wannan muryar.

To ga tambayata. Sabon injin zai zauna lafiya da tsohon bututun? Ka gaya mini gaskiya, amma don Allah a taƙaice. Kada ka cika mini takarda da lissafin makanikai, kaina ba ya ɗauka yanzu.

Yayarka,
Safinatu

Anacha
Tsakiyar Sha'aban

Yaya Safinatu,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, ƙaurin bandar ma ya iso lafiya, har abokin aikina ya tambaya ko miya aka aiko mini. Ina nan ƙalau, sai ciwon baya na kwanciya ƙarƙashin motocin mutane. Nan ruwa ya fara sauka, gareji ya zama taɓo, tufafi ba sa bushewa. Ki gaishe mini da Hajja da kyau, da mijinki Malam Mahfuz, da Khairat.

Kin ce in taƙaita, to ga shi: a'a, ba zai zauna lafiya ba.

Shi turbo, hayaƙin da ke fita ne yake juya shi, shi kuma ya tura wa injin iska. In hayaƙin bai samu hanyar fita da sauri ba sai ya taru a baya, zafi ya taru tare da shi. Ki ɗora wa mutum buhun gero, ki toshe masa hanci ɗaya, ki ce ya yi gudu. Abin da kuka yi wa injin nan ke nan. A cikin gari ba za ku ga komai ba, daga Mafoni zuwa kasuwa kam zai kai ku yana dariya. Amma da cikakken lodi, cikin rairayi, a zafin Borno, zai nuna muku halinsa.

Ban zaɓi inci uku don ado ba. Na auna, na kuma tambayi waɗanda suka riga ni shiga sana'ar. Biyu da rabi zai iya lallaɓawa, amma da irin lodin da Malam Mahfuz yake yi, uku ne kwanciyar hankali. In kuma Mahmud ya zo miki da zancen inci huɗu irin na tirela, ki ce na ce a'a. Ƙarfi ba zai ƙaru ba, ƙara ce kawai za ta ƙaru, garinmu kuwa ba garin da ake wasa da ƙara ba ne.

Maganar Hajja kuwa, wallahi da na karanta sai da na ajiye takardar na fita waje. Shekara shida kuna kallon tsohuwa tana zabura kullum, ba wanda ya yi tunanin raba ta da wannan azaba? Da na sani, da tun zuwana na ƙarshe na yanke salansar nan na jefar. Ke kike gida, ke ya kamata ki gani. Yaya Walid ba ya cikin salansa, Yaya. Ƙarfe ne da tsatsa.

Ki sa a ɗaura abin da na aiko kafin a sake tafiya Monguno.

Ƙanenki,
Abdulhafiz

Mafoni
Ƙarshen Sha'aban

Abdulhafiz,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya. Hajja tana ta shirin azumi, ta ce bana ma sai ta yi, duk da Ketura maƙwabciyarmu, wadda ke aikin jinya, ta auna jininta ta ce ta haƙura. Ka san wanda zai ci nasara tsakaninsu.

Da gangan na daɗe ban amsa ba. Muhammad Auwal ya yi lodi ya tafi ya dawo ya sake tafiya, ina ce masa ba saƙo. Da na rubuta maka a ranar da na karanta taka, da yanzu ba ma magana.

Wai ni nake gida, ni ya kamata in gani. Na gode. Ni nake gida kam. Ni nake gasa mata gwiwa, ni nake kai ta banɗaki, ni nake tsince mata ƙaya a kifi don ba ta gani. Kai kuma ka zo Salla ka yi 'yan kwanakinka, rabinsu kana ƙarƙashin motar wani abokinka, ka koma. Daga can kake hango mana azaba.

Ka manta Yaya Walid ɗan fari ne? Tun da muka taso, ka taɓa jin sunansa a bakinta? Sai dai "yaron nan". Ko lokacin da yana nan ba ta haɗa ido da shi, ba ta tambayar ko ya ci abinci, sai dai ta tura ni in leƙa kwanonsa. Ranar da aka jawo motar, mata suka cika gidan da kuka, ita tana gefe tana tsince shinkafa. Mutane suka ce kai, Hajja akwai dauriya. Ba dauriya ba ce, kunyar ɗan fari ce ta ɗaure mata baki, har yau kuma ba ta sake ta ba. Ba za ta ce tana jiransa ba. Ni ma ba ni da fuskar da zan tambaye ta.

Bari in gaya maka abin da kake kira zabura. Da la'asar sakaliya tana kan tabarmarta da carbi. Motar za ta karyo kwana ta yi tarinta. Matar da sai an kama ta take miƙewa, sai ka ga ta dafa bango ta tashi da kanta, ta ɗauki buta.

"Hajja, ina zuwa?"

"Buta zan cika."

Randa tana bayanta, ita kuwa zaure ta nufa. Za ta tsaya daga ciki har Baban Khairat ya yi sallama.

"Lale, sannu da hanya. Hanya lafiya?"

"Lafiya lau, Hajja."

Za ta ɗan leƙa bayan kafaɗarsa, sannan ta juyo da butarta yadda ta tafi da ita. Ta zauna ta ce in zubo mata tuwo, ta cinye tas. Ranar da motar ba ta fita ba kuwa, daga tabarma sai tabarma, abincin ma sai na yi da gaske. Ketura ta ce wannan 'yar tafiyar zuwa zaure ita ce ta hana ƙafar sandarewa. Ka ce ƙarfe ne da tsatsa. Na yarda. Amma shi ne yake tayar mini da uwa ya sa ta ci abinci, maganin asibiti bai yi mini haka ba.

Na gaji, Abdulhafiz. Ba faɗa nake nema ba, mafita nake nema. Ba za a iya saka naka ƙaton bututun daga wajen injin ba, sannan a can ƙarshe a liƙa tsohuwar tukunyar da wutsiyarta? Inji ya sha iska, Hajja ta ji muryarta. Ka yi tunani, kai ne mai sana'a. Kafin amsarka ta zo, motar za ta ci gaba da tafiya yadda take, don kasuwa ba ta jira, kuma zuwa yanzu ba abin da ta yi.

Safinatu

Anacha
Farkon azumi

Yaya,

Assalamu alaikum, barkanmu da shigowar wata. Ina lafiya. Azumi a nan ba daɗi, ba kunun tsamiya, ba mai ce maka sannu, kana kwance ƙarƙashin mota ana cin abinci a kanka. Ina fata Hajja tana jurewa.

Ki yafe mini. Ban san haka abin yake ba, na karanta layi ɗaya na gina gida a kansa. Na yi ta tuna yadda take tura ki leƙen kwanonsa, ni a lokacin dariya abin yake ba ni.

Amma dabarar da kika kawo ba za ta yi ba, kuma wallahi na so ta yi. Na zauna na zana ta a ƙasa, na juya ta ko ta ina. Salansa wajen da ya fi ƙunci shi ne yake mulkinta. Ko an sa inci uku tun daga injin, in a ƙarshe ta tsohuwar tukunyar nan hayaƙin zai bi, an dawo gidan jiya. Abin da ya fi wuyar faɗa shi ne wannan: tarin nan da fiton da Hajja take ji, ƙuncin ne yake haifar da su. In an buɗe mata hanya, muryar ta tafi. In an bar muryar, injin yana shaƙe. Ba a samun biyun tare.

Kin ce zuwa yanzu ba abin da ta yi. Zafin bai gama sauka ba ne. Kin fi ni sanin yadda ake bin hanyar Monguno: a buɗe hanya da safe, motoci su tashi a ayari ɗaya, kowa yana taka totur kada a bar shi a baya. Ba hanyar da mutum zai tsaya jiran inji ya huce ba ce.

Na kira Malam Mahfuz na yi masa duk wannan bayanin. Ya ce, "To, to, na ji. Amma motar gidanku ce, sai yadda yayarka ta ce." Kin san shi. Ba zai taɓa buɗe baki ya ce a cire wa surukarsa abin da take jin daɗinsa ba, ko da kuwa motar za ta kama da wuta yana ciki. Saboda haka maganar tana wuyanki ke kaɗai, kuma ban ji daɗin hakan ba. Ni dai roƙona, kada ya sake yin lodi da bututun nan.

Ƙanenki,
Abdulhafiz

Mafoni
Goman ƙarshe na azumi

Abdulhafiz,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya, na fara da wannan don kada gabanka ya faɗi. Baban Khairat lafiya, Hajja lafiya, azuminta ko ɗaya ba ta sha ba.

Takardarka sai shekaranjiya ta shigo hannuna. Motar Muhammad Auwal ta lalace a Makurɗi, ya yi zaman jiran kaya, takardar tana aljihunsa. Da ta zo a kan lokaci ban san ko da na ji maganarka ba. Wataƙila da na sake yin fushi ne kawai.

Abin da ka faɗa ya faru. Ranar Talatar da ta wuce suna dawowa da lodi, rana tana tsaka, allurar zafi ta fara hawa. Baban Khairat ya ce sai motar ta riƙa ja da baya kamar an riƙe ta, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, yana taka totur ba ta amsawa. Motocin ayarin suka riƙa wuce shi ɗaya bayan ɗaya. Wani abokinsa ya rage gudu, shi kuma ya ɗaga masa hannu ya ce ya wuce, don mutumin yana ɗauke da mata da yara. Ya kashe injin ya zauna shi kaɗai a dajin nan, da azumi a bakinsa, ba sabis a waya, ba motsin kowa. Ya ce kukan tsuntsu ma sai da ya riƙa tsorata shi. Wajen kuma ba shi da nisa da inda aka tsinci motar a wancan karon.

Mu nan ba mu san komai ba. Aka yi la'asar, shiru. Aka kira magariba, shiru. Na kira wayarsa har na daina ƙirgawa. Hajja ta sa dabino ɗaya a baki ta ture kunun gefe. Khairat tana ta kallonmu.

Ana shirin kiran isha'i muka ji tarin nan daga kwana. Ya bari ta huce ne, ya lallaɓo da ita a hankali, Allah ya sa ya riski shingen shiga gari kafin a rufe. Hajja ta dafa bango ta tashi. Ni ma na tashi. Sai ga mu a zaure mu biyu, kafaɗa da kafaɗa, kowacce tana jiran nata. Na dube ta na ga inda na nufa, na ga Khairat nan gaba tana tambayata ina zuwa.

Da ya shigo leɓɓansa duk sun tsage. Hajja ta ce masa lale, ya ce mata hanya lafiya lau. Sai washegari ya ba ni labari, shi ma don na matsa. Bai ce laifina ne ba, ko da ido. Da ma ya yi mini faɗa, da na fi samun sauƙi.

Jiya na je garejin da kaina. Na ce wa Mahmud ya yanke tsohuwar salansar, ya ɗaura taka. Ya fara zancen inci huɗu, na ce mai injin ya ce uku. Ban tsaya na ga yankan ba.

Ban gaya wa Hajja ba. Ban san da wane baki zan fara ba.

Safinatu

Anacha
Jajibirin Salla

Yaya,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi. Na karanta a tsaye, na gama a zaune. Ki ce wa Malam Mahfuz ina yi masa barka da arziki. Ni lafiya, bana a nan zan yi Salla, aiki ya yi yawa.

Ki gaya wa Mahmud kada ya lanƙwasa bututun da ƙarfi, kwana ta zama mai laushi, in ya matse shi a kwana an koma inci biyu ba a sani ba. Ya nisanta shi da tankin mai da tiyon birki. Sabuwar tukunyar da na haɗo dole a saka ta, kada ya ce a bar shi tsirara don ƙarfi. Robobin rataya suna cikin ledar da na ɗaure a bakinsa.

Kin yi daidai. Na san hakan bai rage miki komai ba.

Yaya jikin Hajja?

Abdulhafiz

Mafoni
Tsakiyar Shawwal

Abdulhafiz,

Sallama. An yi Salla lafiya, Khairat ta gode da atamfa. Baban Khairat lafiya. Lafiyar Hajja kuma ita ce maganar takardar.

Motar dai ta yi. Baban Khairat ya je Monguno ya dawo har sau uku, allurar ba ta ko motsa ba, shi yake fara isowa shinge. Ina ganin daɗin a fuskarsa, yana ɓoyewa saboda ni. Murya kuwa ba ta da ita, wani gurnani ne can ƙasa-ƙasa, irin na kowace mota.

Ranar farko ina kallon Hajja lokacin da ya karyo kwana. Carbinta bai tsaya ba. Ya ajiye motar, ya kashe, ya yi sallama a tsakar gida, sai ta ɗago a firgice.

"Yaushe ka shigo? Ban ji mota ba."

"Yanzun nan, Hajja."

Ta ce masa sannu da hanya daga zaune. Tun ranar ba ta sake zuwa zaure ba. La'asar ta yi, ina ganinta tana karkata kai wajen titi, har magariba. Tuwon loma biyu take yi ta ture. Ƙafar ta kumbura, Ketura tana zuwa tana ja mata, tana yi mata wasa da Kanurancinta, ko murmushi babu. Ni kuma ina zaune ina kallon abin da na yi da hannuna.

Ranar Juma'a ta yi abin da ban taɓa gani ba. Ta sa aka kira mata Baban Khairat, ita da ba ta doguwar magana da suruki. Ya durƙusa daga bakin ƙofa.

"Motar nan, an sayar da ita ne?"

"A'a, Hajja, tana nan. Bututun hayaƙinta aka canza."

"Me ya samu na da?"

Ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ka san ba ya iya ƙarya. Ya gaya mata ya yi wa motar ƙunci, yana shaƙe ta, har ta tsaya masa a daji cikin azumi ayari ya wuce ya bar shi.

"Yanzu tana gudu?"

"Tana gudu, Hajja. Ba mai wuce ni."

"To, madalla. Allah ya tsare."

Na ce shi ke nan, an wuce wajen. Ashe ba a wuce ba. Washegari ina shafa mata man zafi a gwiwa, ba ta ko kalle ni ba ta ce, "Ki tambayar mini na Anacha, shi ya san ƙarfe. Da wannan sabon bututun ne a jikinta a wancan lokacin, da ta kawo yaron nan gida?"

Shekara shida, wannan ce tambayarta ta farko a kansa, kuma kai ta aika wa. Ka rubuto amsa in karanta mata. Kada ka lallashe ta. In ka yi ƙarya zan gane, in na gane kuma za ta ji a muryata.

Safinatu

Anacha
Ƙarshen Shawwal

Zuwa ga Hajja, ta hannun Yaya Safinatu,

Assalamu alaikum, Hajja. Ina gaishe ki, ina yi miki sannu da ƙafa. Ni lafiyata ƙalau.

Tambayarki ta iso, ga amsa, kuma Allah shi ne shaidata. A'a, Hajja. Bututun bai da laifi a wancan lokacin. Injin da ke jikinta a da ƙarami ne, inci biyu daidai da shi ne, kamar an auna. Da an sa masa wannan babban ma, ƙarfinsa a cikin rairayi raguwa zai yi. Sabon injin da na aiko ne ya fi ƙarfin tsohon bututun, shi ya sa ta tsaya wa Malam Mahfuz.

Akwai kuma abin da ban taɓa faɗa ba, don ba wanda ya tambaye ni. Ranar da aka jawo motar, ni na fara buɗe ta. Ruwa cike a lagireto, mai a tanki, tayoyi huɗu lafiya. Na murɗa makulli ta tashi bugu ɗaya. Yaya yana kula da motarsa, ba abin da ya bari ya lalace. Motar ba ta gaza ba, Hajja. Tsayar da ita aka yi. Ba ƙarfen da ni ko wani zai ɗaura mata da zai canza wannan.

Ki yafe mini in na faɗi abin da ya yi nauyi.

Ɗanki,
Abdulhafiz

Mafoni
Farkon Zulƙida

Abdulhafiz,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ina fata kai ma haka.

Na karanta mata da hantsi, bayan ta karya. Ta ce in sake, na sake. Da na zo wajen makullin nan na tsaya, ta jira ni har na iya ƙarasawa. Ni ina ta kuka kamar yarinya, ita ce ma ta ce in share fuskata kada Khairat ta dawo ta gani.

Sannan ta ce in tayar da ita zaune sosai, in gyara mata mayafi. Ta ce a jiƙa gero a yi gumba. Ta ce Baban Khairat ya je ya samu liman, a yi wa yaron nan sallar mamaci da addu'a, a sanar da dangi na Maisandari da na Kano. An tsayar da Juma'a ta sama, don a ba ka lokacin hanya.

Muhammad Auwal zai juyo ranar da ya sauke kaya, na ce ya ajiye maka gaban mota. Kada ka ce mini aiki ya yi yawa. Mutane za su zo gaisuwa, kuma kai kaɗai ne namijin da ya rage mata da zai zauna a ƙofar gida ya karɓa.

Yayarka,
Safinatu